Renon Zabuwa a Ƙasar da Rana ke Rowa

Jama'a masu sauraronmu a Mancesta da Bamingam da garuruwan da ke kewaye da su, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, na zaune a gida da na kan hanyar komowa daga wurin aiki, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a wannan fili namu na faɗakarwa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mas'alar da za mu tattauna yau ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce wata 'yar shuka mai kaurin ganye da ƙananan ƙayoyi a gefe ba, wadda sau da yawa in ka shiga gidan ɗan'uwa a Moss Side ko Cheetham Hill, ko a Small Heath ko Alum Rock, za ka tarar da ita a bakin tagar madafa, ko dai tsaye cikin ƙoshin lafiya, ko kuwa, abin da ya fi yawa, kwance ta yi laushi kamar albasar da ta kwana a cikin miya. Yaran zamani suna kiranta alobera, kuma da wannan suna ake neman ta a kanti. Amma mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun san 'yar'uwarta ta daji da wani suna dabam, wanda za mu zo gare shi nan gaba kaɗan.

Kafin in ɗora wa kowa laifi, ya kamata in fara da nawa. A shekarar da na fara zama a ƙasar nan, na sayo guda a wani kanti, kyakkyawa mai ganye cike da ruwa, na ajiye ta a ɗakina; da yake kuwa ni ɗan gidan noman rani ne, wanda ya tashi yana ganin duk shukar da ba a yi wa ban ruwa da safe ba kafin la'asar ta sunkuyar da kai, sai na ɗaura aniyar cewa wannan baƙuwa ba za ta yi ƙishi a hannuna ba. Kullum bayan sallar asuba sai in zuba mata kofi guda, ina ganin sadaka nake yi. Ba a yi wata biyu ba ganyen ya soma ɗorawa daga ƙasa, gindin ya yi baƙi, ran nan ina taɓa ta sai ta tsinke a hannuna da wani irin ɗoyi. Da na kai kukana wurin wata dattijuwa mutuniyar Katsina, wadda ta riga ni zuwa da shekaru masu yawa, kuma tagoginta cike suke da irin wannan shuka, sai ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, ai kai ka nutsar da ita. Wa ya gaya maka ana yi wa raƙumi ɗura?" Daga wannan rana na shiga neman sanin ɗabi'ar shukar nan, kuma abin da na tsinta a tsawon shekaru shi na kawo muku yau.

To, batun suna. A dazuzzukan ƙasar Hausa, musamman wuraren da ke da duwatsu da fako, akwai wani tsiro mai ganye irin na alobera, wanda Allah Ya yi masa ɗige-ɗigen fari kamar gashin zabo, saboda haka magabata suka raɗa masa zabuwa, wasu su ce zabo, wasu kuma kabar giwa. Wani likita mutumin Sikotilan mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa farkon zamanin Turawa, ya rubuta waɗannan sunaye a cikin ƙamusun tsirran Hausa da ya wallafa a 1916. Zabuwa da alobera dangi ne na kusa, amma kowacce da jinsinta, domin dangin nan yana da jinsi fiye da 500, mafi yawansu a Afirka da Madagaska da ƙasar Larabawa. Ita alobera kanta, wani bincike da masanan lambun Kew na Landan suka fitar tare da abokan aikinsu a 2015 ya nuna cewa asalinta daga tsibirin Larabawa ne, kuma fatake da matafiya ne suka yaɗa ta cikin duniya saboda amfaninta.

Wannan kuwa ba zai ba almajiri mamaki ba, domin duk wanda ya karanta littattafan fiƙihu da na ɗibbu ya gamu da kalmar sabir, wato busasshen ruwan ganyen wannan dangi, mai tsananin ɗaci, wanda mafi shahararsa a da daga tsibirin Suƙuɗura ake kawo shi. Har a cikin Sahihu Muslim, a babin aikin hajji, an ruwaito ta hanyar Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, izinin mai harami ya yi magani da sabir idan ciwon ido ya same shi. Abin lura a nan, wanda malaman lugga za su fi ni jin daɗinsa, shi ne haruffan da suka gina sabir, wato sadun da ba'un da ra'un, su ne dai haruffan da suka gina kalmar Larabci ta haƙuri. Kuma ko an ce an yi haka ne don ɗacinsa, ko don jimirin shukar a kan ƙishi, ma'anar ta zauna daram ta kowace fuska.

Yanzu mu dubi hikimar da ke cikin halittarta, domin wanda ya gane wannan ba ya bukatar a riƙa lissafa masa dokoki. Galibin tsirrai, irin su gero da masara da tumatir, suna buɗe wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ganyensu da rana don su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, kuma ta waɗannan ƙofofi ne ruwan jikinsu ke tsiyayewa zuwa sama, shi ya sa suke yaushi da azahar. Ita kuwa alobera, da sauran 'yan'uwanta masu tara ruwa, sai ta kulle ƙofofinta da rana lokacin da zafi ke farautar ruwa, ta bari sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ta buɗe ta ɗebi abin da take bukata ta adana shi, gari na wayewa ta sake rufewa ta yi aikinta da hasken rana a asirce. Ga fata mai kauri da santsi kamar an shafa mata kakin zuma, ga kuma cikin ganyen wanda kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne. Ganyen nan shi ne randarta, shi ne kuma rumbunta. Saiwarta ba ta nutsawa can ƙasa, shimfiɗuwa take yi kusa da sama don ta cafke ruwan da ya sauko kafin ya ƙafe, kuma an halicce ta ne ta jiƙe sau ɗaya ta bushe, ta daɗe a bushe. Idan ta zauna cikin laima kwana da kwanaki numfashinta ya ɗauke, ruɓa ta shiga, kuma ruɓar ba ta bayyana a ganye sai bayan ta gama aikinta a ƙasa.

A nan ne za mu zo ga abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bincike. Mu duka mun ɗauka Mancesta garin ruwa ne, har mutanen Ingila kansu suna yi mata ba'a da haka. Alhali kuwa in aka auna, ruwan da ke sauka a cikinta a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba, na Bamingam ma bai kai nan ba, kuma wannan adadi ba shi da nisa da abin da Kano ke samu a damina mai kyau. Bambancin yana wurin rabo. Ruwan Kano yana zuba ne da ƙarfi a cikin wata huɗu ko biyar, rana ta biyo bayansa ta busar da ƙasa kafin wani hadarin ya haɗu, sannan a yi wata bakwai ko ɗigo babu. Na nan kuwa yayyafi ne da ba ya jin gajiya, yau kaɗan gobe kaɗan, daga Janairu har Disamba, ba tare da ranar da za ta shanye shi ba. Ana cewa wannan danshi yana cikin abin da ya taimaki masaƙun Mancesta, tun da zaren auduga ba ya yawan tsinkewa a iska mai laima, kuma kun san a garin nan aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, wadda daga baya ta dasa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. To, danshin da ya yi wa zare rana shi ne ajalin zabuwa.

Sai kuma haske. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka yininta ba ya nisa da awa 12 ko da rani ko da damina; Bamingam kuwa ta haura digiri 52, Mancesta ta haura 53, shi ya sa a ƙarshen Disamba yini ba ya cika awa 8, kuma rabin wannan ɗin ma gajimare ne, a watan Yuni kuwa ya miƙe ya kusan awa 17. Waɗanda suka yi azumin Ramadan a nan a shekarun 2015 zuwa 2017, lokacin da ake kame baki fiye da awa 18, ba sa bukatar in yi musu sharhi. Shukar da ba ta samun haske ba ta aiki, wadda ba ta aiki kuwa ba ta shan ruwa. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu alobera barci take yi, kuma duk ruwan da ka zuba mata a wannan lokaci yana nan kwance a gindinta yana jiran ya kashe ta.

Idan an fahimci wannan, sauran bayani mai sauƙi ne. A nemi tukunyar ƙasa, irin ja ɗin nan da ba a shafa wa fenti ba, domin tana numfashi kamar randar gida, tana fitar da laima ta jikinta, saɓanin ta roba mai riƙe ruwa. Kuma sharaɗi ne, ba mustahabbi ba, ta kasance da huda a gindi. Iyayenmu mata, ina roƙonku gafara, amma waɗannan kyawawan tukwane masu ƙyalli da ake sayarwa don ado, waɗanda ba su da huda, sun kashe alobera fiye da yadda sanyi ya kashe. In har ana son su, to a sa tukunyar mai huda a cikinsu, a riƙa ciro ta ranar ban ruwa, sai ta gama tsiyaya a mayar. Kada kuma tukunya ta fi shukar girma ƙwarai, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ba ta bushewa da wuri. Game da ƙasa, kada a ɗebo ta bayan gida, wadda a unguwanni da yawa laka ce mai danƙo. Akwai ƙasar da ake haɗawa musamman don irin waɗannan tsirrai ana sayarwa a buhu, wanda kuma yake son ya haɗa da kansa sai ya sami ƙasar shuka irin wadda ake kira John Innes mai lamba 2, ya ɗebi mudu biyu, ya cuɗa da mudu ɗaya ko fiye na ƙananan tsakuwa da ake sayarwa a shagon kayan lambu. Yashin magina bai dace ba, saboda laushinsa yana toshe ƙasa. Alamar haɗi ya yi ita ce ka jiƙa shi, ka dunƙula a tafin hannu, kana saki ya wargaje.

Wurin ajiyewa kuwa, taga mai kallon kudu ita ce uwa, mai kallon yamma ta biyo baya. Mai kallon arewa kuwa kurkuku ce. Na san da yawa daga cikinmu, in aka ce su nuna kudu a cikin waɗannan gidaje masu kama da juna, sai an yi dogon tunani, amma akwai dabara da kowane mai salla ke riƙe da ita. A gida mun saba alƙibla tana gabas, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu. A Mancesta da Bamingam kuwa alƙibla tana wajen digiri 118 ne daga arewa, wato gabas mai karkata zuwa kudu. Saboda haka idan ka tsaya a kan dardumarka ka fuskanci alƙibla, tagar da ke hannunka na dama ita ce mai kallon kudu ko kusa da haka, kuma nan ne mazaunin alobera. A riƙa juya tukunyar kowane mako biyu don kada ta karkace wajen haske. Idan aka ga ganye ya yi tsawo ya sirance, ya koɗe, yana faɗuwa gefe, to yunwar haske ce, kuma ƙarin ruwa ko taki ba ya maganinta.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata in ja kunne a kansa. A yawancin gidajen ƙasar nan hita tana ƙarƙashin taga ne, sai shukar ta wuni tana gasuwa daga ƙasa, da dare kuma a ja labule mai kauri a bar ta tsakanin labule da gilashi, inda sanyi ke taruwa kamar cikin firji. Alobera ba ta son sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, in ya kai 5 ta fara wahala, in kuwa ruwan cikin ganyenta ya daskare, to sai dai a yi ta'aziyya. A daren da aka ce za a yi jaura, a shigo da ita cikin ɗaki kafin a ja labule.

Mu komo kan ruwa, tun da shi ne tushen fitinar. Ƙa'idar ita ce a shayar da ita sosai, sannan a manta da ita. Ranar ban ruwa a zuba a kan ƙasa, a kauce wa tsakiyar ganye, har sai ya fito ta hudar gindi, a jira ya gama tsiyaya, a zubar da wanda ya taru a faranti. Daga nan kada a sake sai an tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu an ji ta bushe ƙamas, ko a soka tsinken tsire har gindi a ciro shi ba laima. A watannin zafi wannan yakan ɗauki mako biyu ko uku. A watannin sanyi kuwa sau ɗaya a wata ya isa, a ɗaki mai sanyi ma har a fi haka. Manoman gida da taurari suke lissafin shuka, domin watannin Musulunci suna zagayawa ba sa tsayawa a kan yanayi ɗaya. Mu ma a nan muna da alama da ba ta kuskure, wato canjin agogo. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, da aka mayar da agogo baya, a janye hannu daga ruwa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, da aka tura shi gaba, a soma ƙarawa sannu a hankali. In shukar na jin ƙishi na gaskiya za ta faɗa da kanta, ganyen zai motse ya lanƙwashe ciki kamar kwalekwale, kuma shan ruwa ɗaya ya mayar da shi. Ƙishi yana da magani, ruɓa kuwa sau da yawa ba ta da shi.

Wata ni'ima da mazauna garuruwan nan biyu suke da ita, ba tare da sun sani ba, ita ce ruwan famfonsu. Mafi yawan na Mancesta daga tafkunan arewa yake zuwa, tun da aka buɗe hanyar ruwa ta Thirlmere a 1894, mai tsawon mil 96. Na Bamingam kuwa daga kwarin Elan na ƙasar Wales, tafiyar mil 73, tun 1904. Duka biyun ruwa ne marar yawan alli, saɓanin na Landan mai barin farin ƙanzo a cikin buta, saboda haka ba sai an wahala da tarar ruwan sama ba. A dai bar shi ya huce daga sanyin famfo kafin a zuba. Taki kuwa kaɗan ne, na ruwa, a tsarma shi fiye da yadda aka rubuta a kwalba, sau biyu ko uku tsakanin Mayu da Agusta.

Wani zai ce, to Malam, mu da Allah Ya hore mana ɗan fili a bayan gida, ko muka sami kason lambun haya irin wanda Bamingam ta shahara da yawansa, ba za mu dasa ta a ƙasa ba? Amsa ita ce a'a, in dai alobera ce. Hunturu ɗaya zai gama da ita. Abin da ya halatta shi ne a fitar da ita da tukunyarta ta sha iska daga farkon Yuni, bayan an tabbata jaura ta wuce, a fara ajiye ta a inuwa mako guda ko biyu, domin ganyen da ya saba da ɗaki yana ƙonewa in an jefa shi rana kai tsaye, ya koma ja-ja. A ɗora tukunyar a kan bulo ta yadda ruwa zai wuce, a gindin bango mai kallon kudu inda rufi ke kare ta daga yayyafi, a yi hattara da dodon koɗi, mai ƙoƙo da marar ƙoƙo, sannan a mayar da ita ɗaki kafin Satumba ta ƙare.

Amma wanda yake son abin da zai zauna a waje shekara duka, akwai masu tara ruwa da suka saba da ƙanƙara. Akwai wanda masana ke kira Sempervivum, ma'anarsa da Latin mai rai kullum, wanda ke fitowa kamar 'yan ƙananan furanni a jere, kuma tun zamanin da mutanen Turai suke dasa shi a kan rufin ɗaki. Akwai dangin Sedum, masu shimfiɗuwa a kan tsakuwa, waɗanda ƙudan zuma ke so ƙwarai. Har ma akwai wata 'yar ƙaramar ƙanwar alobera daga duwatsun Lesotho da Afirka ta Kudu, mai jure ɗan sanyi matuƙar gindinta a bushe yake, wadda saboda ɗige-ɗigen farin da ke jikinta Turawa suka yi mata laƙabi da sunan zabo, ba tare da sun san Bahaushe ya riga su wannan tunani ba. Dukkansu sharaɗinsu ɗaya ne, wato tudu da tsakuwa, kada ruwa ya kwanta.

Kada kuma a ɗauka maganar fari ba ta shafi ƙasar nan ba. A 1976 an yi farin da har gwamnati ta naɗa minista musamman dominsa, Denis Howell, wanda kuwa ɗan majalisa ne mai wakiltar Small Heath a Bamingam. Bai yi kwanaki da kama aiki ba sama ta ɓalle da ruwa, har mutane suka koma kiransa ministan ambaliya. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin Birtaniya, zafin da ko a Sakkwato sai a ce yau ana rana. A 2025 ma hukumar kula da muhalli ta ayyana fari a arewa maso yammacin Ingila a watan Mayu, sannan a yankin tsakiya a watan Yuli. A irin waɗannan shekaru, lokacin da ciyawar maƙwabta ta ƙone ta zama kamar harawa, mai lambun tsakuwa da Sedum yana zaune abinsa, bai taɓa tiyo ba.

Alobera in ta ji daɗi sai ta yi ta 'ya'ya a gindinta. Idan ɗa ya kai tsawon yatsa ko ya fi, a juye tukunyar, a raba shi da uwar tare da 'yar saiwarsa, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har ciwon ya bushe, a dasa a busasshiyar ƙasa, a yi mako guda kafin a ba shi ruwa. Yankan ganye a soka a ƙasa ba ya yi, ruɓewa yake. Haka kuma ake ceton wadda ruɓa ta fara kamawa: a tumɓuke, a yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta har a kai ga lafiyayyen nama, a shanya, a sake dasawa. In an ga wani farin abu kamar auduga a maƙale tsakanin ganye, ƙwaro ne mai tsotso, a goge shi da auduga da ɗan sifirit, a kuma ware tukunyar daga sauran.

Saura magana mai nauyi, wadda ba zan rufe fili ban yi ta ba. Ganyen nan abu biyu ne a cikinsa: farin yauƙi na tsakiya, wanda ake shafawa a fata, da kuma wani ruwa ɗorawa mai ɗaci da ke fita daga ƙarƙashin ɓawo da zarar an yanka, wanda shi ne sabir ɗin da muka ambata. Wannan na biyun yana sa zawo mai tsanani da murɗar ciki, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba tun 2002. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara su nisance shi, haka mai ciwon ƙoda, mai shan maganin suga ko na zuciya kuwa kada ya sha kome na alobera sai ya shawarci likitansa. Yana kuma cutar da kyanwa in ta tauna. Hadisin da na ambata ba izini ba ne ga kowa ya matsa ɗanyen ganye a idonsa, domin sanin yadda ake sarrafa magani da gwargwadonsa fanni ne mai ma'abotansa. Idan wuta ko ruwan zafi ya ƙona yaro, abin da hukumar lafiya ta ƙasar nan ta yi umarni da shi shi ne a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi minti 20, kada a shafa kome, in ƙunar babba ce a nufi asibiti, in ana shakka a buga 111.

Masu zuwa gida hutu kuma, na san zuciya takan raya wa mutum ya tumɓuko 'yar zabuwa daga garinsu ya naɗe a cikin kaya. Dokar Birtaniya ba ta yarda a shigo da shuka mai rai ba sai da takardar shaidar lafiyarta daga hukumar ƙasar da ta fito, kuma dangin nan duka, in ban da alobera kanta, suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya mai kare tsirran daji daga fatauci. A bar ta a dutsenta.

Wanda yake son ya ga yadda waɗannan tsirrai suke in sun sami abin da suke so, gani ya kori ji: lambun tsirrai na Bamingam da ke Edgbaston, wanda aka buɗe tun 1832, yana da ɗakin gilashi na tsirran hamada, haka lambun Winterbourne na jami'ar garin; mutanen Mancesta kuma ga lambun Bridgewater a Salford, wanda aka buɗe a 2021, su je su ga yadda ake gyara ƙasa da tsara shuka. Ku ɗauki yara ku tafi da su ranar hutu, ku nuna musu dangin abin da kakanninsu ke kira kabar giwa.

Ita dai dattijuwar nan da ta yi mini dariya, ba ta bar ni na tafi hannu rabbana ba. Ta ciro ɗa guda daga tukunyarta ta naɗe mini a takarda, kuma jikokinsa suna nan a tagata har yau, wasu kuma sun tafi gidajen abokai. Saboda haka roƙona gare ku, Alhaji da Hajiya, in an tashi daga wannan shiri a je a ɗaga tukunya a duba gindinta ko da huda, a tura yatsa a cikin ƙasar, in an ji laima a mayar da buta wurinta. Wanda kuma tasa ta yi 'ya'ya, ya ciri ɗaya ya kai wa maƙwabci ranar Juma'a. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah Ya kai mu.